Abin da Aka Zana Ba Ya Ɓacewa

'Yan'uwa, a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano. Ya hau Dutsen Dala ya zana birnin yadda ya hango shi, da sorayensa da bukkokinsa da itatuwan dabino. Ya kuma bayyana Jakara, ruwan da ya raba gari biyu, ga Kasuwar Kurmi a gefensa. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000. Littafinsa ya fara fitowa a 1857. Jakara ta zama magudanar siminti, amma waccan Kano tana nan a takarda.

A daidai waɗannan shekaru, can Faransa, Charles Meryon yana irin wannan aiki. Yakan zana gadojin birnin Faris bisa farantin jan ƙarfe, ya sa asid ya ci zanen, a shafa tawada a buga. Ya yi gadar Pont Neuf a 1853, shekarar da aka naɗa Haussmann, wanda ya rushe tsofaffin unguwannin birnin. Albarkacin Meryon har yanzu ana ganin masu kwale-kwale da masu wanki na bakin kogin Sen.

To, mu fa a Godogodo? Iyayenmu sun zo haƙar kuza da fatauci, sun kafa kasuwa da masallaci, amma ina hotonsu? Wanda bai adana tarihinsa ba, wani zai rubuta masa yadda ya ga dama. Duk mai tsohon hoto ko takarda a adaka, don Allah ya kawo wa ƙungiya a kwafa. Dattawanmu kuwa, a zauna da su tun suna raye. Allah ya sa mu dace.