Tauraro da Lissafin Madugu: Yadda Jirgi Ya Koyi Sanin Inda Yake

Kakana ya yi fatauci daga Ruwan Godiya zuwa Funtuwa da Zariya tun ana tafiyar dare da jakuna. Ya sha gaya mini cewa madugu na ƙwarai yana da abin dogaro biyu: taurari, da lissafin zangon da ke cikin kansa. Idan hazo ya rufe Kaza da 'Ya'yanta, sai ya koma ga ƙidayar tafiyar da aka yi. Idan sama ta washe, sai ya gyara lissafinsa da tauraro. Da na shiga bin tarihin jiragen sama, wannan darasin na sake tararwa.

Jiragen farko da suka sauka Kano, guda uku na sojan saman Birtaniya, sun iso daga Masar ranar 1 ga Nuwamba 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Taswira da kamfas da ido su ne jagororinsu. A 1953 Charles Stark Draper ya nuna wata hanya a Amurka, inda jirgi ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma da na'urar da ke auna kowane juyi da kowane ƙarin gudu, tana lissafa wuri ba tare da duban waje ba. Aibinta shi ne ƙaramin kuskure yana ta taruwa, kamar madugun da ya ɓata ƙidaya tun zangon farko.

Daga baya taurarin ɗan'adam na GPS suka zo. An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Kuskurensu ba ya taruwa, amma sai eriyar jirgi tana fuskantar sama. Inda wannan rauni ya fi bayyana shi ne wajen gwajin jiragen da ke alkafura a sararin samaniya. Da matuƙi ya kifar da jirgi, eriya ta dubi ƙasa, saƙo ya yanke, daidai lokacin da injiniyoyi suka fi bukatar sanin gudunsa da karkatarsa. A nan na'urar cikin jirgi, mai awo sau ɗaruruwa a daƙiƙa, take cike giɓin. Da jirgi ya miƙe kuma, tauraro ya gyara mata kuskurenta. Lissafin da ke sulhunta su biyun Rudolf Kalman ne ya wallafa shi a 1960, aka kuma yi amfani da shi a tafiyar Apollo zuwa wata.

Mu mutanen Faskari wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, mun saba da rugugin jiragen yaƙi a kan dazuzzukanmu, kuma mun san cewa tazara kaɗan ce tsakanin maɓoyar ɓarayi da rugar bayin Allah. Duk lokacin da jirgi ya karkata a samanmu, addu'ata ita ce lissafinsa ya dace da tauraronsa. Fatana kuwa shi ne cikin yaran da ke ɗaga kai suna kallonsa a samu masu zuwa kwalejin tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, su ƙware a wannan lissafi na jikokin madugai.