Kurmi da Kantunan Waje: Sana'o'in Kano a Zamanin Turawa

Sa'ad da rundunar Turawan Ingila ta shiga birnin Kano a watan Fabrairu na shekarar 1903, ta tarar da garin da ya riga ya tsufa a cikin tijara, domin kuwa kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kowace sana'a kuma tana da unguwarta da shugabanta da ladubbanta waɗanda ɗa ke gada daga mahaifinsa. Majema suna jima, dukawa suna ɗinka sirdi da takalmi da gafaka, marina suna tsaye a bakin karofi, mabuga kuwa suna dukan baƙin turkuɗi har ya ɗauki ƙyalli, sa'an nan fatake su ɗaure kaya su nufi Gwanja ko Barno ko Azbin. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuwa shaida cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Mallakar Turawa ita kaɗai ba ta girgiza wannan tsari ba sosai a shekarun farko. Abin da ya juya al'amarin shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911. Turawa sun shimfiɗa ta suna kwaɗayin auduga saboda masaƙun ƙasarsu, amma manoman Kano, da yake su ma sun iya lissafi, sai suka ga masaƙan gida suna sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa ta fi sauƙin noma, in kasuwa ta ƙi a ci ta a gida. Saboda haka tun daga kakar 1912 gyaɗa ta yi ta kwarara zuwa tasha har ta fi ƙarfin taragun jirgi. A nan ne aka yanka wa kamfanoni filaye a bayan ganuwa, Kamfanin Neja da John Holt da G. B. Ollivant da kamfanonin Faransa, suka gina kantuna da rumbunan kwano. A 1913 aka kafa Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa mutanen Kudu, Kwarori kuma suka zauna a gefen Fagge, wurin da a dā ayarin Buzaye ke sauke raƙuma, inda daga baya Kantin Kwari ya bunƙasa. Watau gari ɗaya ya zama biyu, Birni da Waje, kowanne da irin mu'amalarsa.

Baturen kanti dai bai san ƙauye ba, bai san wa za a ba bashi a kwana da rai ba, don haka tilas ya nemi waɗanda suka sani, su ne kuwa tsofaffin fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka daɗe da yara da masauki da amana a kowace kasuwa. Irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata suka karɓi jari da hajja daga kamfani, suka rarraba wa yaransu, yaran suka bazu cikin karkara da gishiri da akoko da alawayyo tun kafin a tono gyaɗa. In kaka ta yi, sai ka ga bakin kanti ya cika da jakuna da raƙuma, 'yan dako suna ta kai da kawowa da buhuna a ƙeya, akawu yana zaune da littafi da alƙalami a kunne, manomi kuwa ya ƙura wa sikeli ido alhali bai san karatun da ke jikinsa ba, sai abin da aka faɗa masa. A ƙirga masa sulalla da sisi da taro a tafin hannu, domin wuri ya riga ya faɗi, ya ware na haraji, ragowar kuma galibi a kantin nan za ta ƙare, a kan turmin atamfa ko fitila ko tasa.

Mutane da yawa suna cewa kayan kanti sun kashe sana'o'in gargajiya, maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a ganina an yi mata kuɗin goro. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai narka tama, domin da zarar tsofaffin ƙarafunan jirgi da na mota suka yawaita, maƙeri ya daina neman ƙarfen gida. Shi kansa maƙerin kuwa aikinsa ƙaruwa ya yi, saboda noman gyaɗa yana bukatar fartanya da garma ba adadi. Masaƙi ya rasa talakan da ya koma sayen akoko mai araha, amma saƙi da tsamiya ba su bar jikin masu hali ba, Buzaye kuma ba su yarda da wani baƙi ba sai na Kura. Marina har ƙaruwa suka yi da farin yadin kanti, suna tsoma shi a baba su sayar da shi a matsayin kayan Kano. Dukawa ne suka shiga wani hali mai wuya, da yake kamfanoni suna kwashe fatun awaki da kiraga ɗanyu zuwa Turai, har ya zama baduku yana gasar sayen fata da wanda ya fi shi jari nesa ba kusa ba.

Akwai kuma sana'o'in da zamanin ne ya haife su. Keken ɗinki na Singer ya fito da tela, wanda ke zaune a rumfa yana taka ƙafa ya gama taguwa kafin maɗinkin hannu ya gama wuya, ko da yake aikin aska takwas da sauran ado na babbar riga ya zauna a hannun malamai da almajirai, masu riƙe allura a zaure bayan an tashi daga karatu. Garwar kananzir, wadda Bature ya ɗauka shara ce in ta ƙare, ita ma ta ciyar da gidaje: mai ƙira ya yanke ta da almakashi, ya lanƙwasa, ya liƙe da dalma, ta fito mazurari ko 'yar fitilar aci-balbal, 'yan ga-ruwa kuma su rataya biyu a sanda su bi lunguna. Sana'ar tasu ba ta mutu ba ko bayan da En'e ta jawo ruwan famfo daga Challawa a 1931, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, domin famfo bai shiga kowane gida ba. A Bariki ga kuku da boyi da dobi da masinja, a Waje ga kafinta da birkila da mai gyaran keke da direba, galibinsu da farko baƙi ne, sai sannu a hankali 'ya'yan gari suka koya. Wanzami kuwa bai ko motsa daga gindin bishiyarsa ba, yana aski da ƙaho da kaciya kamar yadda ya gada, asibiti na nan ko babu.

Hasarar da ta fi girma, wadda ba a cika ambatonta ba saboda ba a ganinta da ido, ita ce ta yanke farashi. A dā dillali da fatoma da mai kaya su ne ke zama a Kurmi su daidaita, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, har a kai ga sallamawa. Amma farashin gyaɗa da fata daga Ingila yake zuwa ta wayar tangaraho, ba wanda ya isa ya ce albarka. Da wasu daga cikin kamfanonin suka haɗe suka zama kamfanin UAC a 1929, masu sayen suka ragu, kasuwar duniya kuma ta faɗi a shekarun da suka biyo, manomi ya kawo buhu ya koma da abin da bai kai rabin na dā ba, haraji kuwa yana nan a wuyansa, tela da maƙeri da mahauci duk suka ji a jikinsu domin aljihun manomi ne kasuwarsu. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ta riƙa yanke farashi guda kafin kaka, tana ba da lasin ga masu saye, wanda da farko kamfanoni ne suka fi samu, sai a shekarun 1950 attajiran Kano suka fara karɓarsa da sunan kansu.