Lambun da Ke Cikin Badala: Tarihin Abinci da Magani a Birnin Kano

Duk wanda ya dubi faɗin ƙasar da badalar Kano ta kewaye, sannan ya kwatanta da yawan mutanen da ke zaune a cikinta a zamanin da aka gina ta, zai ga magabata sun ɗebi fili fiye da abin da gidajensu ke bukata nesa ba kusa ba. Da gangan suka yi haka. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya soma ginin, ɗansa Tsaraki ya kammala, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa, aka kuma ƙara faɗaɗawa a ƙarni na 17. Kowane ƙari yakan shigo da gonaki da fadamu cikin gari. Zamani ne na yaƙe-yaƙe da Katsinawa da Kwararrafa, kuma idan abokan gaba suka yi wa birni zobe, mutanen karkara kan kwararo ciki da dabbobinsu a rufe ƙofofi. Garin da ba ya noma a cikin ganuwarsa, yunwa za ta ci shi tun kafin mashi ya iso.

Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya ƙiyasta mazaunanta tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin badala ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna. Bayan shekara 27 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo ya tarar da abin bai canza ba, har ya ambaci itatuwan gwanda da na dabino da ke leƙowa ta saman katangun gidaje.

Ruhin wannan noma shi ne Jakara. Tun kafin zuwan Musulunci akwai kurmi mai duhu a bakin rafin, wanda mutanen Dala suke girmamawa, kuma a nan kusa Rumfa ya kafa kasuwar da har yau ake kira Kurmi. Daga Jakara, da rijiyoyi, da kududdufan da aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini, 'yan lambu suke jan ruwa da jigo su shayar da albasa da alkama da ganyaye a tsakiyar rani. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka aljannar duniya ake siffanta masa. Clapperton ɗin nan ya koka da warin fadamar da ta kusan raba garin biyu, da kwatamin gidaje da ke zuba a kan hanya, ya ce ita ce ke sa garin rashin lafiya. A lokacin ba a san sauro ne ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro ba, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka tabbatar da haka, amma ruwan da ke raya lambu shi ne kuma yake ƙyanƙyashe sauron. Tun asali alherin Jakara da sharrinta a ƙwarya ɗaya suke.

Akwai wani tsari da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ya sa ƙasar Kano ta shekara ɗaruruwa ana noma ta ba hutu ba ta mutu ba. Da sassafe jakai kan shigo birni ɗauke da itacen girki da hatsi da kara. Idan za su koma, sai a cika musu mangala da taki: toka, kashin awaki da tumaki, sharar tsakar gida, ruɓaɓɓen abin da aka zubar a juji. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda wannan kai-kawo yake ciyar da gonakin da ke kewaye da birnin. Birni na ba gona shararsa, gona na mayar masa da abinci. Abin ya yiwu ne saboda sharar wancan lokaci duk mai ruɓewa ce. Ba leda a ciki, ba mataccen batir, ba fasasshiyar kwalba.

A cikin gida kuwa, garka ce ke riƙe da lafiyar iyali, kuma a hannun mata take. Zogale a jikin danga, rama da yakuwa da lalo da kuɓewa a ɗan lungun da ruwan wanke-wanke ke gangarawa, kabewa ta hau rufin rumfa, lalle a gefe guda. Da damina tafasa da rai-ɗore su fito da kansu a kangon fili. Uwargida ba ta da wani shinge tsakanin abin miya da abin magani. Tsamiyar da ta dama kunu da ita, ita take jiƙa wa wanda cikinsa ya ɗaure. Citta da kanumfari da masoro da kimba, waɗanda fatake ke kawowa daga nesa, su ne kayan yaji, su ne kuma abin da ake ba mai mura da mai jego. Abin da ya fi ƙarfin garka sai a tafi Kurmi wurin masu sassaƙe da saiwoyi, ko a kira wanzami, ko ungozoma, ko a nemi malami.

Wannan sani bai tsaya a baka kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817–1837) ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani, har da na ciwon ido, da na basur, da wani a kan amfani da filasko wajen wanke ciki. A 1916 wani likita ɗan Sikotilan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, sannan a 1937 ya fitar da babban kundinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda masu binciken haɗa magunguna ke komawa gare shi har gobe. Yawancin abin da ya tattara daga bakin manoma da masu magani ya ji shi, ko da yake sunayensu ba su shiga littafi ba. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma wasu masana biyu daga Amurka, Nina Etkin da Paul Ross, suka zauna a wani ƙauye kudu maso gabashin Kano suna ƙididdige abin da mutane ke ci da abin da suke sha don magani. Suka tarar da mafi yawan ganyayen daji da ake ci, su ne dai ake magani da su, kuma an fi cinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa zazzaɓi kuma ya yi yawa.

Wani abin lura shi ne da yawa daga cikin abin da muke kira namu na gargajiya baƙi ne. Barkono, tumatir, gwanda, masara, rogo da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka fito. Zogale da mangwaro 'yan asalin yankin Indiya ne. Ita kuwa darbejiya, wadda yau ba a sirace sai da ganyenta, a ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka yaɗa ta a ƙasar nan. Kakanninmu ba su ƙi baƙon abu don baƙuntarsa ba. Sukan gwada, abin da ya yi amfani su riƙe. Masu cewa maganin asibiti na Nasara ne don haka ba za su sha ba, sun fi kakannin nasu tsauri.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, daga nan badala ta daina zama garkuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manomi ya koma noma abin sayarwa. A ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe asibitin cikin birni, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, ba da daɗewa ba ruwan famfo ya zo daga Challawa. Waɗannan sun ceci rayukan da ba su ƙirguwa, babu mai hankalin da zai yi musun haka. Amma jama'a ta yi ta ƙaruwa. Garin da Barth ya ƙiyasta mazaunansa na dindindin 30,000, a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas da suka haɗa shi sun doshi mutum miliyan 3. Gonakin cikin badala suka zama unguwanni, aka cike kududdufai aka yi gini a kai, garka ta zama ɗakin haya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta mayar da babban noman rani can Kadawa da Kura, kayan gwari suka koma shigowa a mota zuwa 'Yankaba. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta yi shelar shirin ciyar da ƙasa, tana kiran kowa ya yi shuka a gidansa da makarantarsa, amma abin bai yi tsawon rai ba.

'Yan lambun birni ba su ƙare ba, an dai tura su inda ba mai so. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, kuma mafi yawan masu noma a Ƙofar Ruwa da gefen Jakara ba su da takardar da za ta kare su ranar da aka zo yanka filaye. Wanda bai san ko zai kai baɗi a wuri ba, ba zai haƙa rijiya ba, balle ya dasa itace. Ruwan da ya rage musu kyauta, mai gudu rani da damina, shi ne na kwata.

Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Majeman da, da bagaruwa da toka suke jima, abin da suka zubar ƙasa na iya cinye shi. Masana'antun fata na zamani da sinadarin kuromiyom suke aiki. Rafin Getsi yana kwaso ruwan masana'antun Bompai ya haɗe da Jakara, wadda ta riga ta ɗauko dattin gidaje da na mayanka, su gangara zuwa madatsar Wasai, kuma a duk tsawon hanyar nan injinan ban-ruwa na zuƙa ana shayar da latas da alayyafo da kabeji da karas. Binciken masana, har da na Jami'ar Bayero, ya sha samun kuromiyom da kadmiyom da dalma a ruwan da ƙasar da ganyen wuraren. Shi ma takin juji na yau cike yake da leda da batir. Laifin bai kamata ya faɗa kan ɗan lambu ba, domin shi ne farkon wanda ke tsoma ƙafarsa a ruwan kullum, iyalinsa kuma daga nan suke ci.

Ga gidan da ke da majiyyaci, wannan tarihi yana da abin da ya shafe shi kai tsaye. Likita na cewa mai ciwon suga da mai hawan jini su yawaita ganye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kowace rana. Shawarar daidai ce, kuma barin cin ganye don tsoro ya fi cinsa illa. Sai dai a san haɗari iri biyu ne. Ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki suna bisa ganye, wankewa sosai da ruwa mai tsabta na rage su, dafawa kuma na kashe su. Don haka mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da tsoho, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, gara a ba su dafaffe idan ba a san inda aka nomo ɗanyen ba. Dalma da kadmiyom kuwa a cikin naman ganyen suke, wanki ba ya fitar da su, wuta ba ta kashe su, a hankali suke taruwa. Kadmiyom ƙoda yake ci, dalma kuma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa. Tambayar mai kayan gwari daga ina kayansa suka fito ba rashin kunya ba ne.

Haka batun magani. Abin da ya tsare kakanninmu shi ne ƙanƙancin awo: ganye kaɗan a miya, jiƙo na kwana biyu, daga itacen da suka sani da idonsu. Yau garin da ba a san me aka daka a ciki ba ake ɗura wa a gora, a yi ta tallarsa da lasifika wai yana maganin cuta arba'in, mutum ya sha wata uku a jere. Likitocin ƙoda sun san ƙarshen irin wannan. Kuma ba duk abin da aka gada ne alheri ba: tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Ko ganyen da ba a shakkar amfaninsa yana da sharaɗi. Zoɓo na ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan ƙwayar hawan jini ya sanar da likitansa yawan da yake sha, kuma ba a cika shi da sukari. Mai shan maganin tsinka jini na warfarin kada ya ƙara ko ya rage cin zogale da alayyafo farat ɗaya, domin sinadarin bitamin K da ke cikinsu na canza ƙarfin maganin. Mai ciwon ƙoda ya nisanci kanwa, ya tambayi likita adadin ganyen da ya dace da shi. Mai ciki ta bar filasko da duk wani mai wanke ciki. Yaron da jikinsa ya yi zafi gwajin jini yake bukata a ranar, siracen darbejiya ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Filin da Gijimasu ya kewaye ba zai dawo ba, amma garka ba ta bukatar kadada. Tsohon buhun shinkafa da aka huda gindinsa, aka cika da ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen kashin awaki, yana ɗaukar alayyafo ko rama ko yakuwa, a wuri mai samun rana rabin yini. Kada a ɗebo ƙasar daga juji, ko bakin babban titi, ko kusa da garejin gyaran mota da masu fasa batir. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya sun isa ban-ruwa, ban da na wanki mai sabulu da na wanke yara. Maƙwabta da suka haɗa kai a filin masallaci ko na makarantar unguwa, su fara samun izini a rubuce, su kuma rufe duk randa da durom ɗin da suka tara ruwa a ciki saboda sauro. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako huɗu zuwa biyar. Zogale kuwa, reshe mai kauri aka yanko aka kafa a jikin katanga da farkon damina, kafin kaka an fara tsinkar ganyensa.