Tallafin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ga 'Yan Ci-rani a Ƙasashen Waje: Nazari daga Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Maƙalar ta dubi tallafin da 'yan ci-ranin Dutsin-Ma da Kurfi ke samu idan damuwa ta kama su a Saudiyya ko Libiya ko Aljeriya. An dogara ga dokoki da tsare-tsaren hukumomi da ayyukan magabata. An gano cewa taimakon hukuma yakan riski mutum ne bayan an dawo da shi gida, alhali can inda ciwon ya faro ba shi da madogara sai waya da 'yan garinsu da malami.

1.0 Gabatarwa

Ci-rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun a 1957 Prothero ya bayyana yadda manoman lardin Sakkwato ke barin gida bayan kaka, su komo da faɗuwar damina. Abin da ya sauya yau shi ne nisan tafiyar da tsawonta. Hare-haren 'yan bindiga a Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari sun raba manoma da yawa da gonakinsu. Wasu matasa kan bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, wasu kuma, musamman mata, su nufi Saudiyya aikatau. Akan lissafa kuɗin da suke aikowa, amma ba a cika tambayar halin da zukatansu ke ciki ba.

2.0 Waiwaye da Ra'in Nazari

A 2002 likita Joseba Achotegui na Basalona ya nuna cewa kaɗaici da tsoro da rashin cin nasara kan jefa baƙo cikin rashin barci da ciwon kai da yawan tunani, ko da bai taɓa yin taɓin hankali ba. Murray Last da Lewis Wall kuwa, da suka yi aiki a ƙasar Malumfashi, sun nuna cewa Bahaushe yakan haɗa asibiti da malami da boka a jinya guda. An ɗora nazarin bisa ra'in Arthur Kleinman, wanda ke cewa fassarar da majinyaci ya yi wa ciwonsa ita ke zaɓa masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

3.0 Tushen Damuwar

Na farko shi ne bashi. Sau da yawa gona ake jinginarwa ko a sayar da dabbobi a biya ejan. Wanda aka yi wa wannan hidima ba ya iya cewa ya gaza. Ko yana kwana a kango, saƙon muryar da zai turo gida ba ya wuce "lafiya lau, sai godiya".

Na biyu shi ne tsarin kafala, wanda ke ɗaure iƙamar ma'aikaci ga kafilinsa. Gyaran da Saudiyya ta yi a Maris 2021 bai haɗa da masu aikatau a gidaje ba. Mai aikin da aka riƙe mata fasfo ba ta da ikon fita neman likita, 'yar takari kuwa, wadda ba ta da iƙama, tana gudun asibiti kada a kai ta tarhil a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a koro gida.

Na uku shi ne halin da aka baro a gida. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a maido ba sai Disamba. Ɗan ci-ranin da ya ji an kai hari ƙauyensu sai ya yi ta kiran lambar da ba ta shiga, bai san ko iyalinsa na raye ba.

4.0 Giɓin da ke Cikin Tallafin

Tun daga 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ke kwaso 'yan Najeriya daga Libiya tare da ba su shawarar kwantar da hankali, NAPTIP kuma na kula da waɗanda aka yi fataucinsu. Sai dai wannan taimako ba ya isa ga wanda ya shigo da ƙafarsa ta Jibiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na wannan yanki suna Kware da Barnawa da Dawanau.

A gida kuwa, idan mutum ya yanke waya sai a ce kurciya aka yi masa. Idan ya dawo ba ya magana, sai a ce iska ce ko sammu, a nufi ruƙiyya. Ƙyamar kalmar "mahaukaci" na sa a ɓoye shi har ciwon ya yi nisa. Ga nauyin baki ga wanda ya dawo hannu rabbana, ana yi masa kallon wanda ya ɓarnatar da gonar gida.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Tallafin da zai yi amfani shi ne wanda ya bi hanyoyin da mutane suka riga suka amince da su. A horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na Dutsin-Ma da Kurfi da tsarin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 don wuraren da ba su da ƙwararru. A jawo limamai da masu ruƙiyya su san alamomin da ke bukatar likita, musamman zancen kashe kai. Hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda su samar da layin shawara da Hausa wanda ba ya tambayar iƙama. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuma ta shiga ƙauyuka ta ƙidaya masu fita da masu dawowa, domin gwamnatin Jihar Katsina ta san adadin mutanen da za ta yi wa tanadi a kasafinta.