Labarin Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi.

Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, dogo ya iso Kano daga Baro shekara 1329 ta Hijira, ita ce 1911, zamanin Sarki Abbas. Aka kafa tasha bayan ganuwa, gabas da birni. Nasara auduga suka nufa, Allah ya hukunta gyaɗa ta rinjaya. Na ji ga iyayenmu a Durba, mutanen ƙasar Rano suka riƙa kai gyaɗa bisa jakai, su sami kuɗin haraji. Waɗansu suka rage gero da dawa, sai damina ta ƙi a 1913, yunwa ta biyo. Fataken Gwanja suka bar ayari, goro ya riƙa zuwa ta Ikko. Fataucin Tarabulus ya mutu. A 1930 dogo ya kai Nguru.

Ni da idona na ga dalar gyaɗa kusa da tasha, na kuma ga filin ba buhu ko ɗaya. Ka yi lura: noman kuɗi ba ya hana cika rumbu. Allah ne masani. Tamat.