Gwiwa: Yadda aka gina ta da abin da ke riƙe da ita

Gwiwa ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a cikinta: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba.

Sai dai ƙasusuwan nan ba su shiga cikin juna ba. A kwatangwalo, kan ƙashin cinya zaune yake cikin rami kamar taɓarya a turmi. A gwiwa kuwa, ƙarshensa ɗore yake kawai a kan ƙauri, wanda samansa kusan a baje yake kamar faifai. Ke nan ba ƙashi ne ke hana gwiwa gocewa ba, aikin jijiyoyi ne da guringuntsi da tsoka.

Manyan jijiyoyin guda 4 ne. Biyu suna gefe da gefe, suna hana ƙafa karkata ciki ko waje. Sauran biyun suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna. Ta gaba, wadda likitoci ke kira ACL, tana hana ƙauri zamewa gaba, ita ce kuma ke yawan tsinkewa idan mutum ya dasa ƙafa ya juya da ƙarfi, ko ya diro ba daidai ba. Sau da yawa mai raunin yakan ji ƙara, gwiwar ta kumbura cikin 'yan sa'o'i. Ita ce ta tsinke wa Virgil van Dijk na Liverpool a Oktoban 2020, ya shafe kusan wata 9 bai taka leda ba. Ta baya ta fi kauri, galibi sai an doki ƙauri daga gaba gwiwa na lanƙwashe take tsinkewa, kamar yadda ake gani a haɗarin mota ko babur.

Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai guringuntsi guda 2 masu siffar jinjirin wata, suna aikin gammo: suna rarraba nauyi, suna kuma ɗan zurfafa saman ƙauri. Nauyin ba kaɗan ba ne, domin a tafiya ta yau da kullum gwiwa na ɗaukar ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki, hawa bene kuma ya fi haka. Gefen waje na wannan guringuntsi ne kaɗai ke samun jini, shi ya sa yagewar da ta faru a can ciki ba kasafai take haɗewa da kanta ba.

Akwai wata hikima kuma. Idan ƙafa ta miƙe sarai, ƙauri yakan ɗan murɗa waje ya kulle gaɓar, har ɗan kasuwa ya wuni a tsaye ba tare da tsokarsa ta gaji sosai ba. Wata ƙaramar tsoka a bayan gwiwa ce ke buɗe kullin idan za a zauna.

Duk cikin waɗannan, tsoka ce mutum ke da iko a kanta. Tsokar gaban cinya, wadda ƙoƙon gwiwa ke ƙara wa ƙarfin ja, da ta bayan cinya su ne ke tare gaɓar kafin jijiya ta ji jiki. Yawan zaman ofis yana raunana su, ƙiba kuma tana ƙara musu kaya.

A nan ne mutane da dama ke kuskure. Hoton ƙashi na X-ray ba ya nuna jijiya ko guringuntsi, don haka jin cewa babu karaya ba ya nufin gwiwa lafiya take, kuma ɗori ko murza ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke. Gwiwar da ke suɓucewa ana tafiya, ko take maƙalewa ta ƙi miƙewa, tana buƙatar likitan ƙashi ya gwada ta da hannu, wani lokacin har da hoton MRI.