Jinin Zuciya da Mutuwar Fuju'a: Taƙaitaccen Tarihi



A Zaitawa da sauran unguwannin cikin birni, in aka ce magidanci ya faɗi ya cika ba tare da jinya ba, sai a ce mutuwar fuju'a ce, a yi ta'aziyya. Likitoci kuwa sun daɗe suna bin sawun abin da ke faruwa cikin ƙirji a waɗannan 'yan mintoci. Tarihin wannan bincike shi ne maganarmu yau.

Tun ƙarni na 13 Ibn Nafis, likitan nan na Alƙahira, ya saɓa wa Ibn Sina, ya ce zuciya ba ta samun abincinta daga jinin da ke cikin kogonta, sai daga jijiyoyin da suka ratsa namanta. Waɗannan jijiyoyi su ne kitse ke toshewa. A 1889 John McWilliam na Jami'ar Aberdeen ya kawo ra'ayin cewa zuciyar mai mutuwar fuju'a sau da yawa ba tsayawa ta ke yi cak ba, karkarwa ta ke yi barkatai, ba ta tura jini ko kaɗan. Naman da jini ya yanke masa, wutar da ke tsara bugunsa ita ce ke rikicewa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu suka fuskanci bugun kansa: a 1947 Claude Beck ya farfaɗo da wani yaro ta hanyar jona wa zuciyarsa lantarki. Wasu suka fuskanci jinin. A 1967 René Favaloro, mutumin Ajantina, ya ɗauko jijiya daga ƙafa ya yi wa jini hanyar kewaye a Cleveland, sa'an nan a 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe toshewa da ɗan balan-balan a Zurich, ba tare da tsaga ƙirji ba. A nan gida, an fara aikin buɗe zuciya a Enugu a 1974, da hannun Magdi Yacoub da Fabian Udekwu.

Shekarar da ni ke so ɗalibai su riƙe ita ce 1989. Likitoci sun ɗauka cewa in aka danne ƙananan tsallen bugu da ke biyo bayan toshewar jijiya, mutuwa za ta ragu. Hankali ma ya yarda da haka. Amma gwajin da aka yi a Amurka, mai suna CAST, ya nuna masu shan encainide da flecainide sun fi mutuwa a kan waɗanda aka ba ƙwayar banza. An gyara zanen da na'ura ke fitarwa, an bar tushen cutar. A ganina wannan ne ya ƙara wa masu maido da jini hujja, domin naman da ya ƙoshi da jini ba ya saurin rikicewa.

Sai dai hujjar tana da iyaka. Naman da ya riga ya mutu tabo ya ke zama, tabon kuwa kan haifar da mugun bugu ko an buɗe jijiya. Mai irin wannan larura shi a kan dasa wa ƙaramar na'urar farfaɗowa, wadda Michel Mirowski da abokan aikinsa suka fara sa wa mutum a 1980.

A da, likitocin Nijeriya na ganin toshewar jijiyar zuciya ba ta da yawa a cikinmu, hawan jini ne ya fi damunsu. Yau ciwon sukari, taba da zaman ofis sun sauya lissafi. Kano na da Asibitin Murtala Muhammad a cikin birni, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tun 1988. Amma nama yana fara mutuwa cikin kamar rabin sa'a bayan toshewa, kuma mafi yawan ɓarnar kan auku cikin sa'o'i shida na farko. Wanda ciwon ƙirji ya kama da la'asar, ya ce gyambon ciki ne, ya jira wayewar gari, likita tabo zai tarar.